Ranar da Na Ce "Family" Adverb Ce

Ko da na so, ba zan taɓa mantawa da gasar kacici-kacicin Turanci da aka yi a Birnin Kebbi ba, tun muna cikin jihar Sakkwato. Ina aji uku na sakandare a Argungu, aka zaɓe ni in wakilci makarantarmu (ba don na fi kowa ba, bakina ne dai ba ya rufuwa).

Gasar ta rabe-raben kalmomi ce: a faɗi kalma, ka ce noun ce, wato suna, ko verb, ko adjective, ko adverb. Ni kuwa na gano wata dabara da na ɓoye wa kowa, har Malam Garba mai koya mana. Wai duk kalmar da ta ƙare da "ly" adverb ce. Quickly, slowly, badly. Sati biyu ina yawo ina jin kaina.

Baba ya bar albasarsa a Augie, ya hau mota don ya ga ɗansa. Ga shi can layi na biyu da sabuwar hula.

Tun da aka fara na kasa zama daidai. Ina share gumi, ina roƙon Allah Ya kawo mai "ly". Aka zo tambayar ƙarshe mun yi kunnen doki da wata makarantar 'yan mata. Wanda ya riga ɗaga hannu ya amsa daidai, kofi nasu ne.

Alƙalin gasa ya ce, "Family."

Ban ma tsaya ɗaga hannu ba, zumbur na miƙe har kujera ta faɗi. "Adverb, sir!"

Sai dariya ta ɓarke a zauren. Malam Garba ya rufe fuska da takarda. Yarinyar da muke karawa da ita ta ce "noun" a hankali, kamar mai yi mini jaje. Baba kuwa ba ya jin Turanci. Da ya ga jama'a na ta ƙyaƙyatawa, sai ya miƙe yana tafi shi kaɗai.

A tasha ya dafa kafaɗata. "Kai ɗan nan, mi kac ce musu hakanga?"

Na ce, "Baba, faɗuwa fa muka yi."

Ya ce, "To, ita yarinyar ko mutum guda ba ta ba dariya ba."

Tun ranar, in wayo ya zo mini, mutum ɗaya nake fara gaya wa a keɓe. Dariyar mutum ɗaya ana iya haɗiye ta.