Rasuwar Kwamfutar Dakta-Saura-Kaɗan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi luhu-luhu, gidan lauyan nan da abokan aiki ke kira Dakta-Saura-Kaɗan na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta ɗorawa a cinya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin cin abinci, tsakanin kofin shayi da tulin takardu. Ta rasu bayan doguwar jinya wadda mai ita ya ƙi yarda jinya ce.

Marigayiya ta shigo gidan ne a shekarar da maigidan ya fara kundin digirinsa na uku, inda yake kwatanta yadda dokokin ƙasashe daban-daban ke kare ɗan haya daga mai gida. Wanda bai taɓa neman dokar ƙasar wasu ba bai san wahala ba. Wata ƙasar ta zuba dokokinta a shafin ma'aikatar shari'a, amma da harshen da Dakta ko gaisuwa bai iya da shi ba. Fassarar tana can shafin wata jami'a a wata nahiyar, ita ma ta tsohuwar doka ce, kafin a yi mata gyara. Hukuncin kotun ƙolin wata ƙasar kuwa hoto ne a karkace, har da babban yatsan wanda ya ɗauka. Duk marigayiya ce ta tono su, ba ta taɓa cewa ta gaji ba, sai dai fankarta ta ce fuuu, ta ci gaba.

An shaide ta da haƙuri da riƙon amana, kuma amanar ce ta ci ta. Dakta yana da wata ɗabi'a: in ya samo doka ba ya adana ta, ba ya rubuta adireshinta, sai ya bar shafin a buɗe ya buɗe wani. Shekara da shekaru ba a rufe shafi ko ɗaya ba, ba a kashe baiwar Allah ta huta ba. Kawunan shafukan suka jeru a sama, suka tsuke kamar haƙoran mataji, har sunayensu suka ɓace. Shi kaɗai ya san unguwar kowa. Dokar hayar wata ƙasar tsibiri tana hagu, gab da sakamakon ƙwallo. A cikin kundin kuwa, duk inda ya kamata ya faɗi inda ya samo magana, sai ya rubuta “a duba kwamfuta”, da niyyar cikewa in ya samu sarari.

Ciwon ajali ya fara da zafin jiki, har ta daina zama a cinya. Batir ya riga ta gidan gaskiya tun bara, ta koma rayuwa da waya a jiki. Kullum takan roƙi a bar ta ta kashe kanta ta sake tashi, kullum Dakta ya danna mata “anjima”. Daga baya wani sauti ya fara fitowa daga cikinta, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Matarsa ta ce a kai ta asibiti, ya ce ai tunani take yi. Ranar Talata aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, marigayiya ta ce ƙyas sau ɗaya, fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya kara kunne, ya mayar da murfi a hankali, ya ce sai haƙuri, ma'ajiyar ta tafi da duk abin da ke ciki.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaure da salatif, da linzami mai danna ɗaya ya ba da biyu, da jaka marar zif. Ta kuma bar filas guda na adana bayanai, wanda aka saya musamman don kwafe kayanta, yana nan cikin ledarsa sabo fil, bai taɓa ganin marigayiya ba.

Babban maraya dai shi ne kundin. Farfesan da ke duba aikin ya aiko da ta'aziyya da jan biro: kafin kwamiti ya zauna ƙarshen wata, kowace magana ta zo da asalinta, in ba haka ba a cire sunan Dakta, kuma jami'a ba ta ƙara masa lokaci. Dakta ya karanta, ya zauna a ƙasa. Tsoro ya kama shi sosai, abinci ma ya gagara.

Da aka rasa tudun dafawa, sai ya tuna yakan tura adireshin duk abin da ya burge shi a zauren waya na dangi. Nasa saƙonnin sun tafi da tsohuwar wayarsa, sai ya bi dangin ɗaya bayan ɗaya. Yayansa ya goge, ƙanwarsa ta goge, kawu ya ce shi tuni ya toshe shi. Sai mahaifiyarsa, wadda ko harafin boko ba ta karantawa, kuma rabonsa da ɗakinta an kwana biyu. Ba ta goge ko ɗaya ba. Ashe duk tsammaninta shi ya rubuta dokokin, kowanne ta amsa da muryarta: “Allah ya yi maka albarka, ɗan nan.” Bai taɓa sauraron ko ɗaya ba sai jiya.

Za a yi jana'iza gobe bayan azahar a shagon mai gyara, inda za a raba sassan marigayiya ga mabuƙata. Zaman makoki kuma a ɗakin Inna ne, daga safe zuwa yamma har ƙarshen wata, domin ta ce wayarta ba ta fita ko ƙofar gida. Mai son abin da ke cikin wayar, ya zo ya zauna kusa da ita ya kwafa. Masu zuwa gaisuwa za su tarar da Dakta a kan tabarma, da biro a hannu.