Binnen Dakta Tsiro

Duk faɗin Zamfara babu wanda ilimi ya yi wa nauyi kamar Mainasara. Bita ɗaya ya halarta a Gusau, ya dawo da tabarau da buhun wasu ƙwayoyi masu kama da gishiri, waɗanda in sun sha ruwa sai su kumbura kamar ƙwan kwaɗi. Daga nan ya zama Dakta Tsiro, sunan da ya raɗa wa kansa don ya hutar da jama'a.

A kasuwar Ƙaura Namoda ya ɗaga kwalba cike da abin, ga wake ya yi saiwa a ciki, babu ƙasa ko kaɗan. "Jama'a, kun daina jiran hadari. Damina tana aljihuna." A Shinkafi ya maimaita, ya ƙara da cewa kakanni ma sun yi ƙoƙari, daidai fahimtarsu.

Da bazara ta yi nisa sai ya tuna gida, Zurmi. Mahaifiyarsa, Inna Turai, tana da irin gero na gado, shi kaɗai ta iya ɗaukowa ran da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauye. Yunwa ta matsa, ba ta taɓa shi ba. Dakta ya karɓe shi kaf, ya ce bana kimiyya ce za ta yi binne, shukar nan da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa.

A wurin bita an ce ɗan tsunkulen ƙwayoyin nan ya ishi rami. To, tsunkule na talaka ne. Dakta ya bi ramuka yana zuba cikin hannu tare da irin, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ƙwayoyin suka sha, suka kumbura, suka ture ƙasa, suka amayo gero a fili. Zabin unguwa da kurciyoyi suka amsa gayyata kafin Dakta ya gama karya hula.

Ya tsaya a bakin gona, ya yi gyaran murya. "Wannan shi ake kira sakamakon farko. Babu irin da ya taɓa fitowa da sauri haka."

Inna Turai ta duƙa ta tona rami, ta tona wani, babu ko ƙwayar gero. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Gaskiyakka, ɗana. Na ga geron da yah hito, na ga wanda yaƙ ƙi hitowa. Amma wanda yat tashi sama da hiffike, sai naka."