Ƙafar Malam Audu ta Dama

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba Sarkin Aska ya fara miƙa mini aska a Birnin Kudu ba. Na zo daga Gwaram da kaina a kumbure, don a can ana cewa hannuna ya fi na kowa sauri (ni ne na fi yawan faɗin haka).

Baba yana da wata al'ada da take ba ni haushi. Kafin aska ta taɓa mutum, sai kowa ya faɗi aikinsa da baki: mai riƙo, mai magani, mai yanka. A ganina ɓata lokaci ne, har nakan kwaikwaye su a bayan ido.

Ranar aka kawo wani manomi, Malam Audu, a kan jaki daga Kangire. Ƙaya ta karye masa a tafin ƙafa ta yi ruwa, ga shuka ta matso. Zazzaɓi ya hana shi magana sosai. Na hango ƙafar dama a kumbure sumtum, na tsuguna gabanta ina wasa aska, ina satar kallon surukina da ya biyo 'yan kallo.

Baba ya ce a faɗa. Inna Tabawa mai magani ta ce ruwan zafi da garin bagaruwa suna kusa. Sale mai riƙo ya ce, "Na riƙe ta hagu."

Ni kuwa da ƙarfi, don surukina ya ji, na ce, "Zan tsaga ta dama."

Ashe ƙayar a ta hagu take, ta dama tundurmi ne da ya daɗe da shi, lafiyarsa lau yake noma da ita. Da na tsaga, da bana ba shi da ƙafar takawa ko ɗaya. Surukina ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ji kamar in shige cikin zabirar askata.

Abin da ya sa nake ƙaunar Baba har gobe, bai tsawata mini ba. Ya sa Malam Audu ya ɗora yatsa a wurin ƙayar, ya dube ni.

"Matso nan, ɗana. Hannunka muke jira."

Na cire ƙayar, Malam Audu ya yi shukarsa. Yanzu ni na fi kowa ɗaga murya in ana faɗa. Ko aski zan yi wa mutum, sai ya nuna mini kan da yatsa tukuna.