Yadda Za Ka Sami Sabon Gidan Tarho Idan An Kulle Na Maƙwabcinka

Kai da aka rufe gidan da kake karɓar waya, share hawayenka ka matso kusa. Ni da kake gani na yi magana da Kaduna, na yi da Ikko, har na taɓa gaisawa da wani mutum a Jidda bisa kuskure, kuma tun da aka haife ni ban taɓa mallakar ko igiyar tarho ba. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan ba tsallake, kafin a ga watan gobe za ka sami sabon falo, sabuwar lamba, da sabon mai gida. Ba a taɓa bin shawarata aka rasa ba.

Zan riƙa yi maka misali da Lawali, wani tela a unguwar Mabera ta Sakkwato, wanda ya fara cin moriyar ilmina. Ƙanensa Muntari ya tafi Ikko aikin sauke siminti daga jiragen ruwa, tun da kuɗin fetur ya sa aka sayo simintin da ya fi ƙarfin tashar. Ba shi da ɗaki balle adireshi, inda aiki ya tashi nan yake kwana. Amma duk Juma'a, da an sauko daga masallaci, yakan roƙi wani akawu a tashar ya bar shi ya buga waya gida, don mahaifiyarsu Inna Dije ta ji muryarsa. Wayar kuwa tana shigowa ne gidan maƙwabcinsu Malam Giɗaɗo, babban ma'aikaci da ke zaune a gidan gwamnati. Tsohuwar nan ba ta da wani abin jira a mako sai wannan ƙarar.

Mataki na 1: Ka tabbatar an rufe ɗin

A zamanin nan ba a yi wa kowa sallama. Malam Giɗaɗo yana cikin shan kunu ya ji an karanto sunansa a rediyo cikin waɗanda soja suka sallama daga aiki nan take. Kafin kunun ya huce, waɗanda ke durƙusa masa jiya sun fara gaishe shi a tsaye.

Ka je ka taya lodin kaya. Za a ce kana da zumunci, kai kuwa ka san abin da ya kai ka: ka ga ko za a loda tarhon. Lawali ya ɗauki katifa, ya ɗauki tukwane, idonsa na kan abu guda. Da aka zo kan tebur, sai Malam Giɗaɗo ya sauke tarhon ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Lawali, ku yahe muna. Tebur nawa na, amma tarho na gwamnati na, ba ni iya ɗauka tai." Aka ja ƙofa, aka danna kwaɗo, aka mayar da makulli ma'aikata. Malam ya hau gaban akori-kura ya nufi ƙauyensu.

Ka yi jimami daidai gwargwado. Yini ɗaya ya isa, mutumin ba mutuwa ya yi ba.

Mataki na 2: Kada ka yi mafarkin samun naka

Na san shaiɗan zai raya maka ka je ofishin waya ka nemi a ja maka layi. Je ka mana. Za a karɓe ka da fara'a, a ce ka dawo bayan Sallah, ba kuwa za a faɗa maka wace Sallar ba. Na san dattijon da ya nema yana sabon ango, yanzu jikokinsa ke zuwa tambaya. Mutanen ofishin nan ba sa gaggawa a kan komai, kuma ka riƙe wannan, zai yi maka amfani a gaba.

Mataki na 3: Ka bi igiya, kada ka bi babbar riga

Ka fita yawo kanka a sama. Duk gidan da ka ga igiya ta baro turke ta shiga, ka lura da shi. In ka faɗa kwata, ka tashi ka ci gaba.

Lawali bai ji wannan ba, shi ya sa har yau nake jin haushinsa. Ya ji labarin Alhaji Sodangi ɗan kwangila yana da jan tarho da ya zo da shi daga aikin Hajji, sai ya tare a gidan. Gaisuwar safe, gaisuwar yamma, har ɗinkin hannun riga kyauta. Ya kuma ga aikin tarhon da idonsa: da baƙi sun shigo, Alhaji zai ɗaga kai ya daka tsawa, "Ikko? Ku turo tirelolin ga yau, ban son shashanci!" Baƙi su dubi juna.

Ranar da Lawali ya samu fuska ya roƙi lamba, sai Alhaji ya shiga tari. Da ya tashi alwala, Lawali ya bi igiyar da hannu. Ta shiga ƙarƙashin darduma, ta bi bayan firji, ta ƙare a jikin ƙusa, an ɗaure ta tamau don kada ta ɓace. Ko kusa da bango ba ta kai ba. Alhaji ya dawo ya same shi a tsugune, bai ko ji kunya ba, ya ce, "Ai layin shina bisa hanya, Lawali. Kai dai ka riƙa zakkuwa."

Mataki na 4: Gidan soja

Layinsu ya fi na kowa, ko an yi ruwa da iska ba ya mutuwa. Matsalar ɗaya ce, akwai ƙofa, kuma akwai mai tsaron ƙofa. Lawali ya yi sallama ya ce ya zo batun waya. Mai tsaron ya tambaye shi wa ya aiko shi leƙen wayar Manjo. Daga nan har bakin titi da tsallen kwaɗo ya iso, kunnuwansa a hannu. Ban hana ka gwadawa ba, musamman in likita ya ce ka riƙa motsa jiki.

Mataki na 5: Ka san sharuɗɗa kafin ka cire takalmi

Wanda ya dace da talaka shi ne matsakaicin ma'aikaci, wanda bai kai a kore shi ta rediyo ba. Na haɗa Lawali da Malam Tukur na unguwar Gidan Dahala, mutum mai igiya ta gaskiya, na bi ta da kaina har turke.

Ba za a nemi ko kwabo a wurinka ba, don haka kada ka yi murna, abin da za a karɓa ya fi kuɗi. Za ka gaishe shi kullum, ranar da ka fasa za a ce ka yi girman kai. In ya ba da labari ka yi dariya, in ya maimaita ka ƙara ƙarfi. Motarsa ba ta tashi da safe sai an tura, kuma daga yau kai ne baturin. In kai tela ne kamar Lawali, kayan Sallar gidan duk sun hau kanka, kuma kada ka kuskura ka ce yadin bai isa ba.

Za ka ga ɗan ƙaramin kwaɗo a jikin abin juya lamba. Wannan yana nufin kai mai karɓa ne, ba mai bugawa ba. Kada ka kalle shi da yawa, za a zaci kana da wata niyya.

Sai uwargida, Hajiya Atika. Duk lokacin da tarho ya yi ƙara, a lokacin ne take tuna tana da tsintar shinkafa, kuma babu inda haske ya fi kyau sai gefen tebur. Abin da ka faɗa da azahar, kafin magariba ya kai can unguwar Arkilla an ƙara masa gishiri. Masana sun ce wannan ma alheri ne, don ya rage maka wahalar sanar da dangi.

Lawali ya amince da duka. Malam Tukur ya gyara zama ya ce, "Gidan ga naku na. Ku zaka da Inna ran Juma'a."

Ka ga ni? Na ce za ka samu, ga shi an samu.

Mataki na 6: Ranar gwaji

Ka sa tsohuwa ta yi shiri. Inna Dije ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, Lawali ya ɗauko ta a bayan keke, ta zauna a bakin darduma don ta ƙi hawa kujerar mutane. Hajiya Atika ta fito da farantin shinkafa.

Tarho ya yi ƙara. Inna ta yunƙura, gwiwoyinta na ƙara su ma. Ashe surukin Malam ne yake tambayar farashin albasa. Ta koma ta zauna. Aka yi ta jira har aka kira la'asar, Hajiya ta tsince shinkafar nan har ta fara maimaitawa. Can sai Inna ta juyo a hankali ta ce, "Lawali, shin wa ag gaya ma Muntari munka sake gida?"

Lawali ya dubi Malam Tukur. Malam Tukur ya dubi silin.

To, a nan ina so mu fahimci juna. Ni darasina na samun gidan tarho ne, kuma an samu. Cewa mai bugowa lambar tsohon gida kaɗai ya sani, wannan ƙaramin al'amari ne da ya kamata ɗalibi ya tuna da kansa. Ba komai malami zai tauna maka ba.

Mataki na 7: Ka isar da sabuwar lamba

Abu ne mai sauƙi. Ka je tasha ka sami fataken da ke kai shanu kudu, ka ce su nemo maka Muntari ɗan Sakkwato mai sauke siminti. Lawali ya yi haka. Wani ya dawo ya ce ya sami Muntari har kala-kala, ya ba kowannensu lambar, kuma duk sun gode. Babu ɗan Inna Dije a cikinsu.

In wannan bai yi ba, ka je ma'aikata ka roƙi aron makullin tsohon gidan, na yini guda kawai, a ɗaga waya a faɗa wa yaro sabuwar lamba a mayar. Lawali ya je. Mai riƙe da makullai shi ma rediyo ta kira sunansa. Wanda ya gaje shi kuwa ya rantse ba zai taɓa ko ƙusa ba sai an umarce shi daga sama, don yana da iyali. Na sama sun tafi taro.

Kada ka fasa taga. Gidan gwamnati ne, kuma ka riga ka ɗanɗana tsallen kwaɗo a kan laifin da bai kai wannan ba.

Mataki na 8: Ka duba inda ka baro

Wata Juma'a Lawali ya dawo daga masallaci ya ɗauko keke don kai Inna Gidan Dahala, bai same ta a ɗaki ba. Tabarmarta ma babu. Ya zaga, sai ga ta a gindin tagar Malam Giɗaɗo, ta shimfiɗa tabarma a cikin ciyawar da ta fara cin ƙofar, da zanen sunan nan a jikinta.

Bai gama buɗe baki ba tarho ya ɗauki ƙara daga ciki. Na ce maka ka riƙe maganar mutanen ofishin waya: yadda ba sa gaggawar ja wa mutum layi, haka ba sa gaggawar yankewa. Ga shi can a ƙasa cikin ƙura, a falon da babu ko kujera, ana hango shi ta tsakanin ƙarafan taga, hannu ba ya kaiwa.

Inna ta dafa bango ta miƙe, ta kai bakinta jikin ƙarfen.

"Muntari, lahiya lau muke," ta ce. "Ƙahwata ta yi sauƙi. Akuyar ga ta haihu. Kana cin abinci dai ko?"

Tarho na ta ƙara, ita kuma tana ta ba shi labarin gida, ba ta bar komai ba. Da ya yi shiru ta shafa addu'a.

Lawali ya ce, "Inna, kin san hwa ba shi jin ki. Wataƙila ma ba shi na ba."

"Shi na," ta ce. "Wa ka neman wanda anka kora? Tun da Malam yat tahi, wayar ga ba ta kuka sai Juma'a." Ta naɗe tabarmarta. "Na san ba shi ji na. Ni ka jin shi. Mamaci ba shi buga waya."

Ranar da Lawali ya ba ni labarin nan, ni kaina tausayi ya kama ni. Ita ta san ɗanta na raye. Shi kuwa can a Ikko yana riƙe da kan tarho yana jin ƙara babu mai ɗauka, bai san ko tana nan ba, kuma bai daina bugowa ba.

Lawali har yanzu yana tura motar Malam Tukur kowace safiya. Ba ya so ya rasa gurbin, ko Allah zai sa lambar ta isa.

A kula

Mai wannan darasi ya cika alkawari: an ce sabon falo, sabuwar lamba, sabon mai gida, kuma duk an samu. Ciwon baya daga turin mota, ciwon cinya daga gidan soja, da duk sirrin da ya isa Arkilla kafin kai, babu ruwana da su. Haka kuma, in wata Juma'a tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a gindin taga har aka kira la'asar tarhon bai yi ƙara ba, ko ofishin waya ne suka tuna da aikinsu ko wani abu ne daban, kada ka zo ƙofata. Ban san abin da za ka gaya mata ba.