Ranar da Na Shayar da Akwatin Lantarki

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, amma tsiyar mahautan Sokodé ta ishe ni.

Lokacin zanga-zangar neman sauyin mulki, wuta ta yi ta ɗaukewa, nama yana lalacewa a firij. Ƙanena, makanike a Dapaong, ya aro mana wani akwati mai mayar da gas ɗin kashin shanu lantarki. Da zai fita aka ba ni gadinsa, don kowa ya san ni da taka-tsantsan.

Na taɓa bututunsa, ya ƙona mini yatsa. Na ce wallahi gobara ba za ta ci kasuwa a hannuna ba. Na kwance murfin, na sheƙa masa ruwa bokiti guda. Sai na ji ƙas, kamar tulu ya tsage.

Ƙanena ya dawo ya dafe kai. "Yaya, da zafin yake aiki. Cikinsa faifan yumɓu ne."

Na ce, "Kasuwa ta ƙone? Ba ta ƙone ba."

Naman dai ya ruɓe. Har yau ko buta na ɗauka sai mahautan su ce, "Pompiye sarkin kashe gobara, sassauta, shayi ne muke dafawa."

Wanda ya san inda ake sayar da faifan nan, ya sanar da ni. Ba laifi na amsa ba, bakinsu nake so in rufe.