Rasuwar Sai-an-tura, Keken Tela Mai Inji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da har yau ba su daina zogi ba, Tela na shagon bakin kasuwa yake sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da maƙwabtan da hayaƙi ya taɓa shigar musu ɗaki, rasuwar kekensa mai inji, wanda unguwa ta raɗa wa suna Sai-an-tura. Ya rasu ranar Litinin da safe, bakwai saura kwata, a tsakiyar tudun da ke bayan gidan ruwa. Kwanansa tara da inji a jiki, bayan shekara goma sha huɗu yana keke kamar kowane keke.

Ga wanda bai san dalilin zuwan marigayin duniya ba, shekara goma sha ɗaya ke nan Tela yana aiki a shagon yayan matarsa, wanda kowa ke kira Yaya. A ɗakunan bayan gidan Yaya yake zaune da iyalinsa. A motar Yaya yake tafiya aiki, kujerar baya, tsakanin bandiran yadi, domin Yaya ya ce ba zai so a ga mijin ƙanwarsa a kan keke ba. A shagon kuma Yaya ne kaɗai mai yanka. Na Tela kalmasa ce da sa maɓalli, ko da yake duk layin teloli an san waye mai hannu. Ba wanda ya taɓa zaginsa a gidan nan, sai dai ko tari zai yi sai ya fara duban fuskar Yaya.

Ana cikin haka wata ma'aikatar ɗinka kayan makaranta, can ƙarshen gari bayan tudu, ta nemi mai yanka. Tela ya nemi aikin a ɓoye, suka ce ya zo Litinin ƙarfe bakwai da almakashinsa, in ya makara akwai wani a layi. Bas ba ta zuwa can da wannan safiyar, kuma ba Yaya za a ce wa ya kai shi ba. Shi ya sa Tela ya jawo tsohon kekensa daga lungu, ya karɓi injin feshin gona a hannun wani manomi da yake wa ɗinki, ya zauna yana kallon bidiyo a waya har ya ji ya zama bakanike.

Mai walda na kusurwa shi ya karɓi haihuwar, kuma yana roƙon a rubuta cewa ya yi gargaɗi sau biyu. Ya ce a bar feda saboda ranar da inji zai ƙi, ya ce kuma irin wannan injin da mansa na musamman ake gauraya fetur. Tela ya ji, ya watsar. Mutumin da ke wuni yana taka keken ɗinki ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka komai a hanya ba, ya ɗauki zarto ya datse fedar da hannunsa, ranar har da waƙa. Mai kuwa, ai yana da shi. Farin man keken ɗinki a wurin tela maganin kowace cuta ne, shi yake ɗiga wa almakashi, shi yake ɗiga wa fanka da ƙyauren da ke kuka. Murfi biyu yake zubawa a kowane tanki, da zuciya ɗaya.

Marigayin mai kunya ne, bai taɓa tashi da kansa ba sai an tura shi taku arba'in. In ya tashi kuma sai ya gaida kowa, tuf-tuf-tuf, kaji na watsewa. Bai san gori ba. Bai taɓa tambayar Tela ina za shi ba, bai taɓa tuna masa wanda ya ba shi ɗaki ba. A 'yan kwanakin gwaji an ga Tela yana dariya shi kaɗai a kan titi, abin da matarsa ta ce rabonta da gani tun suna amarci.

Ciwon ajali ya fara a kwana na shida, lokacin da muryarsa ta koma ƙyar-ƙyar-ƙyar. Tela ya ƙara masa murfi ɗaya na farin mai. Ran Litinin ƙarfe shida, matar Tela ta taya shi turawa har bakin titi don kada a ji a cikin gida, almakashi na naɗe a aljihunsa. Sun ci rabin tudu lafiya. Daga nan marigayin ya ce tuf, ya ce tuf, ya ce ƙat, ya yi shiru. Ƙafar Tela ta kai wa feda cafka, ta sami iska. Ya tura, ya roƙa, ya sake turawa. Ƙarfe takwas da rabi ya isa ƙofar ma'aikatar jiƙe da gumi, ya hango wani ta taga yana shimfiɗa yadi a teburin yanka. Bakaniken da ya duba gawar ya ce fistin ɗin injin ya manne, sannan ya shinshina tankin ya tambaya wa ke ɗinki a gidan.

Lamba ɗaya Tela yake da ita ta mai mota. Yaya ya zo, ya buɗe but ɗin motar suka cusa gawar, sannan ya buɗe ƙofar baya ya ce, "Shiga mu je, ƙanena. Akwai wanduna goma sha biyu suna jiran kalmasa." Tela ya ce da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi.

Marigayin ya bar feda biyu marayu a ƙarƙashin gado, ƙararrawa mai cikakkiyar lafiya, rabin kwalbar farin mai, da rigar sirdi mai layi biyu na ado, wadda Tela ya auna ya yanka da kansa. Ya bar matar da ke ba mijinta haƙuri tana kallon ƙasa, da mai walda wanda ake roƙo ya daina cewa ai ya faɗa.

Za a kai marigayin makwancinsa wurin 'yan gwangwan ranar Asabar da hantsi, a but ɗin motar Yaya, in Yaya ya sami sarari. Ana roƙon masu rakiya kada su zo da babur. Masu ta'aziyya za su sami Tela a shago, keken ɗinki na uku daga ƙofa, fuskarsa na kallon bango, daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Ba a sa ranar tashi daga zaman makoki ba, saboda haka kowa ya zo lokacin da ya sami hali. Yana nan.