Rasuwar Kawu Dumdum, Tulun Kiɗan Maman Eric

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu wanda har yanzu yake ƙaiƙayin bugu, iyalin Malam Cornelius mai gyaran janareta, na Hayin Dogo a Samaru, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da dukan matan Zumunta na coci rasuwar ƙaunataccen tulun kiɗansu, wanda yara suka raɗa wa suna Kawu Dumdum. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a tsakar gida, a hannun wadda ta fi kowa sonsa, wato Ƙauna, Maman Eric. Da muka ce a hannunta, ba salon magana muka yi ba. Bayani yana tafe.

An gina marigayi da yumɓu mai kyau, an gasa shi har ya yi baƙi, ga ciki, ga ɗan siririn wuya. Ya daɗe a kasuwar Sabon Gari, a layin masu tukwane, yana zaune tsakanin randuna, masu wucewa suna ɗaukarsa tulun ruwa. Bai taɓa yi musu gardama ba. Haka halinsa yake.

Kafin su haɗu, Maman Eric ta daɗe tana neman wani abu da za ta riƙa yi don jin daɗin ranta kawai. Tun da ta haifi Eric, Keziya ta biyo baya, ranarta ta koma wanki da girki da goyo da "sauko daga nan". Wata rana suna cin tuwo Baban Eric, wato Malam Cornelius, ya tambaye ta, "Wai ke, ban da mu, me kike so a duniya?" Ta dai ƙara masa miya. Shi ya manta da tambayar kafin ya wanke hannu. Ita kuwa, tambayar ta zauna mata a ƙirji.

Ta fara da saƙa. Eric ya ja bakin zaren ya zaga gida da shi, hular da ake saƙa wa Keziya ta ƙare a ƙafar akuyar maƙwabta. Ta shuka furanni a gwangwanayen madara, akuyar nan dai ta ci furen, Keziya ta ci ƙasar. Da ta ga 'yan jami'a suna gudun motsa jiki da safe a bakin titi, sai ta ɗaura ɗamara ita ma ta fita. Ba ta yi nisa ba mai shayi ya taso da gudu yana cewa, "Lafiya, 'yar'uwa? Wa ya biyo ki?" Kunya ta komo da ita gida ta lungu, ba ta sake ba.

Duk wanda ya san Ƙauna ya san kunyarta. A taron Zumuntar Mata bencin baya take zama, in ana waƙa bakinta yana motsi amma ko na kusa da ita ba ta jin sauti. Mama Lucia, shugabar Zumunta, ita ce ta gaji da kallon wannan. Ta miƙa mata soson buga tulu ta ce, "'Yata, tunda bakinki ya ƙi, bari mu ga hannunki." Ashe akwai hannu. A makon nan Ƙauna ta je Sabon Gari da goyo a baya, ta bi tuluna tana ɗora tafi a bakin kowane, har ta zo kan wanda ya amsa mata da "dum". Ta rungumo shi a keke mai ƙafa uku har Samaru. Daga baya tulun coci ya fashe, nata ya zama na Zumunta duka, ita kuma ta sami wurin zamanta a gefen mai ganga, inda kowa yake jinta amma ba mai kallonta.

Marigayi mutumin kirki ne. Bai taɓa neman caji ba, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ya fi ƙarfin a haɗiye shi, akuya kuma ta shinshina shi sau ɗaya ta haƙura. Ana iya buga shi da yaro a baya, ana iya barinsa a tsakiyar waƙa a je a sauke tukunya, a dawo a tarar bai yi fushi ba. Da damina muryarsa takan yi kauri, ya ce "buum". Da bazara yakan ce "dim, dim-dim", kamar mai ƙishirwa. Keziya ba ta barcin rana sai ta ji shi.

Ya kasance mai riƙon amana ƙwarai. Duk abin da yara suka jefa masa a baki, yakan adana bai faɗa wa kowa ba. Cokali, murfin biro, safa ƙafa ɗaya. Ranar da makullin babur ya ɓata, Baban Eric ya birkice ɗaki har ƙarƙashin katifa, ya tafi wurin aikinsa a Chikaji a motar haya yana huci. Da yamma Maman Eric ta ɗaga soso ta buga, sai Kawu ya ce "dum-cakal". Tun ranar, in abu ya ɓata a gidan nan, ba a tambayar kowa. Sai a ce, "A girgiza Kawu."

Rashin lafiyarsa ta fara ne bara, a hanyar dawowa daga wani biki, da keken da ya ɗauko su ya faɗa rami. Ya sami tsaga a kafaɗa. An shafa masa gam, an ɗaure da robar taya. Muryarsa ta ɗan dushe, amma bai taɓa fashin Lahadi ba.

Ajali ya zo ranar Alhamis. Lahadi mai zuwa ne matan Zumunta na Samaru za su yi waƙa a babban taro a Sabon Gari, don haka Maman Eric ta fito da shi tsakar gida za ta gwada hannu. Ta shiga ɗauko soso. Ashe Eric ya ɓoye alewa a cikin Kawu. Ya zura har gwiwar hannu, ya damƙi alewar, hannu ya ƙi fitowa.

Ihunsa ya tara gida. Aka ce ya saki abin da ya riƙe, ya ce tasa ce. Aka zuba man gyaɗa, aka kawo ruwan sabulu. Maman Nedu, maƙwabciyarmu mai sayar da kayan miya, ta rugo da kwano tana cewa, "Ku ba ni wuri! Miyar kuɓewa ce, ko jaki ya maƙale zai fito!" Aka ɗura wa marigayi miyar kuɓewa. Hannu dai yana nan, har ya soma kumbura.

Baban Eric, wanda bai riga ya fita aiki ba, ya ɗauko guduma. Ya dubi ɗansa, ya dubi tulun, ya kasa duban matarsa.

"Maman Eric," ya ce a hankali, "ko mu ƙara gwada man?"

"Ba ni," in ji ta.

"Ke? Bari dai ni..."

"Kai janareta ka sani. Ni na san inda yake ciwo."

Ba gudumar ta karɓa ba, muciya ta ɗauko. Amma Eric yana ta fizge-fizge, kuma ba a fasa tulu da hannun yaro yana motsi a ciki. Sai ta durƙusa, ta ɗora kansa a ƙirjinta, ta soma rera masa waƙar da za a yi ranar Lahadi, wadda ta daɗe tana bugawa amma ba ta taɓa furtawa ba. Ta manta da akwai mutane. Muryar ta fito, ta cika tsakar gida, ta haura katanga. Yaro ya yi tsit. Ta kwance robar, ta sami tsohuwar tsagar nan, ta ƙwanƙwasa a hankali daidai da kiɗan waƙar. Maganar marigayi ta ƙarshe ita ce "dum". Daga nan ya rabu biyu.

Hannu ya fito lafiya, sai santsin kuɓewa. Alewar tana damƙe a cikinsa. Eric ya shanye ta yana sheshsheƙa.

Da Ƙauna ta ɗago kai, sai ga Mama Lucia a bakin ƙofa, riƙe da zannuwan Zumunta da ta kawo don taron. Ƙauna ta rufe fuska da ɗankwali ta ce, "Mama, ku yi haƙuri, ba zan je Lahadi ba. Ba ni da abin riƙewa."

"Tulu ba wuya, zan aro a cocin Jushi, wata ta buga," in ji Mama Lucia. "Ke kuwa, munafuka, shekara da shekaru kina zaune kan murya irin wannan, mu muna ta fama da tawa mai kama da ta agwagwa? Gaba za ki tsaya."

"Mama, ni fa ban iya ba."

"Maman Nedu, ta iya ko ba ta iya ba?"

"Har na yafe kuɓewata," in ji Maman Nedu.

Ƙauna ta ce a'a. Ta sake cewa a'a. Sai Eric ya ja mata zane da hannun nan mai santsi ya ce, "Mama, ƙara." Ta ƙara.

Marigayi ya rasu ya bar sosonsa, wanda yanzu ba shi da bakin da zai faɗa wa. Ya bar gammon da yake zama a kai, da abokan aikinsa ganga da caki da kuge. Ya bar Keziya, wadda take barcin rana yanzu da waƙar bakin uwarta. A cikinsa an tarar da cokulan shayi, ɗan kunne, lemon tsami da ya bushe, da matajin kai da Baban Eric ya rantse a wurin aiki aka sace masa.

Ga tsarin jana'iza. Ranar Asabar da yamma za a binne wuya da kafaɗa a gindin zogalen bayan gida. Gindin tulun kuwa ba za a binne ba, za a cika shi da ƙasa a shuka ɗoɗɗoya, a ɗora bisa katanga inda akuya ba ta kai. Za a sha kunu. Masu niyyar kawo sabon tulu a matsayin gaisuwa, mun gode, amma a nemo mai faɗin baki, ko a dakata har Eric ya shiga firamare.

Sujadar ban kwana ita ce taron Lahadi a Sabon Gari, inda mai makoki da kanta za ta ba da waƙa. Iyali suna roƙon jama'a kada a zuba mata ido. A dubi rufi, a dubi takalmi, a dubi Mama Lucia. Idan kuma kuka ji muryarta tana rawa a baitin farko, kada kowa ya yi mata tari. Ku dai tafa mata yadda marigayi yake yi, dum, dum-dum, dum. Za ta kama.